Haƙƙin Uwa a Addinin Kirista: Gaisuwa Kaɗai Ba Ta Isa

A shirinmu na makon jiya, wani mai fataucin dabbobi ya bugo waya daga kasuwar Maigatari. Ya ce abokin cinikinsa Kirista ne, rannan kasuwa na ci ya tattara ya nufi gida, wai ran Lahadi cocinsu na bikin iyaye mata. Tambayarsa ita ce: shin abin nan yana cikin addininsu, ko kuwa al'adar Turawa ce kawai? Ga amsar a taƙaice, don wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu.

Ita ranar bikin daga baya ta zo, shi ya sa ba ɗaya ba ce ko'ina. Cocin Angilika na yi a Lahadi ta huɗu cikin azumin kwana 40 da ke gaban Ista, al'adar da ta samo asali daga Ingila. Amurka kuwa ta tsai da Lahadi ta biyu a watan Mayu tun 1914. Amma shi haƙƙin uwa ya girmi duk waɗannan ranaku nesa ba kusa ba.

Tushensa yana cikin Dokoki Goma da aka bai wa Musa a Dutsen Sinai, a Littafin Fitowa sura 20. Girmama uba da uwa ita ce doka ta biyar a lissafin yawancin coci-coci, ta huɗu a lissafin Katolika, kuma an haɗa ta da alkawarin tsawon rai. Ƙaunar uwa ma da ita ake misalta tausayin Allah: a Ishaya sura 49 an kawo misalin mai shayarwa da jinjirinta. Kai da ka taɓa jin kukan saniya ranar da aka raba ta da ɗan maraƙinta, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

To, mece ce girmamawar? Durƙuso da gaisuwa? Suna ciki, amma ba nan ta tsaya ba. A Markus sura 7, Yesu ya tsawata wa malaman zamaninsa kan wata dabara da ake kira Korban. Mutum sai ya ce dukiyarsa ya keɓe ta ga Allah, da haka sai ya zame daga ciyar da iyayensa. Yesu ya nuna cewa wannan rushe dokar Allah ne da sunan ibada. Ka ji fa: ko baiko a coci ba ya maye gurbin buhun geron tsohuwa. Haka Bulus ya rubuta wa Timoti cewa gwauruwar da ke da 'ya'ya ko jikoki, su ne farkon masu ɗaukar nauyinta, kafin a ɗora wa coci.

Wani zai ce, ni fa matafiyi ne, rani ina mashekari, damina ina daji, yaushe zan zauna da ita? Littafin nasu bai manta da irinka ba. Dauda makiyayin tumaki ne tun yana yaro. Lokacin da yake gudun Sarki Saul, yana kwana cikin kogo, sai da ya tsallaka iyaka da uwarsa da ubansa ya kai su ƙasar Mowab, ya damƙa su amana ga sarkin can. Shi ma Yesu, bisa ga Yohanna sura 19, yana kan gicciye ya dubi uwarsa Maryamu ya danƙa ta hannun almajirinsa, shi kuma ya ɗauke ta zuwa gidansa. Darasin da Kiristoci ke ɗauka a nan shi ne: in ba za ka samu zama ba, to kada ka tafi sai ka san hannun da ka bar ta.

Saboda haka, malam mai tambaya, abokinka ba yayi yake bi ba. In kuma turmin zanen ranar biki ne kaɗai yake kai mata a shekara, addininsa ma bai ce ya sauke nauyi ba.

Maganar nan ta shafe mu duka, Musulmi da Kirista, don ba addinin da ya yarda a wofintar da uwa. Kafin ka kora garke ko ka hau motar kaya, tsaya ka lissafa. Hatsin da ke rumbunta zai kai kaka? In zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare, wa zai kai ta asibiti, da kuɗin wa? Tana da lambar da za ta same ka in ka canza layi a tsallaken iyaka? In ka yi aike, ka bi da kira, ka ji daga bakinta cewa ya iso. Da ka samu sarari kuma ka je da kanka, don zumunta a ƙafa take.

Mu haɗu a shiri na gaba. A gaida mana su Inna, a sauka lafiya.