3.4 Awon Furotin na Cikin Jini Domin Gano Alamun Cuta

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake amfani da na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari, wato mas-sifektiromita, wajen neman alamun cuta a cikin jini. Abin da ake nufi da alamar cuta a nan shi ne wani furotin da yawansa yake ƙaruwa ko yake raguwa a jikin majinyaci, ta yadda likita zai iya gane cutar tun ba ta yi nisa ba.

Yadda aikin yake kuwa shi ne, sai a ɗiga ruwan jini a kan wani ɗan faranti, a haɗa shi da wani sinadari mai shan haske, sannan a harbe shi da hasken leza. Furotin ɗin sai su tashi ɗauke da cajin lantarki, su bi ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Marasa nauyi su ke fara isa ƙarshen bututun, masu nauyi su biyo baya, kuma daga lokacin da kowanne ya ɗauka ne ake lissafa nauyinsa. Sakamakon yakan fito a matsayin zane mai tudu da kwari. A shekarar 2002 aka ba John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan kyautar Nobel saboda dabarun da suka sa awon manyan ƙwayoyi irin waɗannan ya yiwu.

A cikin wannan shekara ce kuma Petricoin da Liotta da abokan aikinsu suka buga wani bincike a mujallar Lancet a kan sankarar ƙwan mace. Sun koya wa kwamfuta bambance zanen jinin mata 50 masu cutar da na wasu 50 marasa ita, sannan suka jarraba ta da jinin mata 116. Ta gane masu sankara 50 gaba ɗaya, ta kuma wanke 63 daga cikin 66 marasa ita. Ganin haka, sai aka fara shirin sayar da gwajin da sunan OvaCheck.

To, amma a nan gizo yake saƙa. Baggerly da abokan aikinsa (2004) sun sake nazarin alƙaluman, inda suka nuna cewa alamun da suka raba masu cuta da masu lafiya a gwaji ɗaya ba su raba su a wani gwajin ba, har ma akwai shaidar an sauya tsarin aiki ana tsakiyar awo. Wato ke nan, mai yiwuwa bambancin yadda aka sarrafa jinin ne kwamfutar ta gano, aka ɗauka cuta ce. Dalili kuwa shi ne, furotin yana sauyawa gwargwadon daɗewar jini kafin a daskarar da shi, ita ma na'urar awonta na yau yakan ɗan saɓa da na gobe. Bugu da ƙari, albumin kaɗai ya kai kimanin rabin furotin na ruwan jini, don haka yakan danne ƙananan da ake nema.

A ganin mai wannan nazari, ko da alƙaluman sun inganta, da sauran rina a kaba. Cutar tana samun kimanin mace 1 cikin 2,500 na waɗanda suka daina haila. Gwajin da yake kuskure a kan kashi 5 cikin 100 na masu lafiya zai tayar wa mata kusan 125 hankali, wasunsu har a kai su ga fiɗa, kafin a sami mai cutar guda ɗaya.

Sai a shekarar 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin OVA1, wanda yake auna furotin biyar sanannu. Shi ma an taƙaita shi ne ga matan da aka riga aka ga ƙari a mararsu kuma ake shirin yi musu fiɗa.