Me Ke Kashe 'Ya'yan Tumaki A Turke?

A Kusfa, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Zazzau, ragon layya ne ɗan gata. Shi ake ba harawa da dusa da ƙowar wake, tunkiya mai ciki kuwa a sake ta ta nemi na bakinta a bola. Ranar da ta haifi ɗa ba rai, ko ya mutu kwana biyu da haihuwa, sai a ce baki ne. Galibi yunwa ce.

Cikin tunkiya wata biyar ne, kusan kwana 150, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na girman ɗan a makonni shida na ƙarshe yake samuwa. Idan lokacin ya faɗo a rani, ciyawa ta ƙone, ɗan zai fito ƙanƙani ba kuzari, hantsar uwa ba nono. Mai tagwaye ta fi shan wuya. Ga ledar da take haɗiya a bola: in ta cika tumbi, ciki ya yi tulu kamar an ƙoshi, alhali dabba ramewa take yi.

Sai dakashi, nonon farko mai kauri. Ɗan tunkiya ba ya zuwa duniya da garkuwar jiki, a dakashi yake samunta, kuma bayan kwana guda hanjinsa ya daina karɓarta. Wanda aka haifa da asubar hunturu, jiki jiƙe, bai kama nono ba, sanyi kan gama da shi kafin hantsi. A goge shi, a kama masa nonon ya sha, a tsoma cibiyarsa a aidin don kada ƙwayar cuta ta bi ta nan.

Akwai doguwar naƙuda, musamman in ƙaton Balami ya hau ƙaramar 'Yankasa. Akwai kuma cututtukan da ke sa ɓari: bakkale, annobar PPR da ake sarrafa allurar rigakafinta a Vom, da wata da kashin kyanwa ke zubawa a dusa. Bakkale da ta kyanwar suna kama mutum, don haka mace mai juna biyu kada ta taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya.

In ɓari ya maimaitu a turke, a ware tunkiyar, a ƙulle gawar da mabiyiyar a leda, a kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a duba, tun ba su ruɓe ba.