Daga Celtel zuwa Airtel: yadda kamfanin waya ya girma bai wargaje ba

Masu tsohon layin waya a Maraɗi, Damagaram ko Tawa sun ga sunan kamfaninsu ya canza sau biyu, daga Celtel zuwa Zain, daga Zain zuwa Airtel. Bayan canjin suna akwai wata matsala da duk kamfani mai saurin girma ke fuskanta: wa ke yanke shawara idan aiki ya fi ƙarfin idon mutum guda?

Mo Ibrahim, injiniya ɗan asalin Sudan, shi ya kafa kamfanin a 1998. Ofishin uwa yana Holand, rassa kuma suna ƙasashen Afirka, kowace da dokokinta, harajinta da hukumar da ke ba da lasisi. Cikin shekaru bakwai kamfanin ya shiga ƙasashe 13, har da Nijar.

Tsarin da aka bi shi ne raba iko gida biyu. Shugaban reshe na kowace ƙasa ke tafiyar da aikin yau da kullum, domin shi ya san kasuwarsa. Manyan kuɗi kuwa na hannun majalisar daraktoci: duk abin da ya haura dala 30,000 sai da amincewarta. Wannan doka ta zame wa shugabannin rassa garkuwa. Idan wani babba ya nemi na goro kafin ya sa hannu a takarda, amsar ita ce ikon fitar da kuɗin ba ya wurinsu. An kuma ba ma'aikata hannun jari, domin wanda ke da kaso cikin garke ba ya barci dabbobi su ɓace.

A 2005 kamfanin MTC na Kuwait ya sayi Celtel a kan dala biliyan 3.4. Shekara guda bayan haka aka fito da tsarin One Network a Kenya, Uganda da Tanzaniya, wanda ya ba matafiyi damar tsallaka iyaka da layinsa ba tare da kuɗin yawo ba, kafin a faɗaɗa shi zuwa Nijar, Najeriya da Chadi. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai rassa sun daidaita na'urori da lissafi, wato sai kowane ya sauke wani yanki na ƴancinsa.

Bharti Airtel na Indiya ya karɓi rassan Afirka a 2010 a kan dala biliyan 10.7, ya zo da nasa salon: miƙa aikin kwamfuta ga IBM, kula da rezo ga kamfanoni irin su Ericsson, shi kuma ya riƙe tallace-tallace. Salon yana rage kashe kuɗi, amma yana sauya wa ma'aikaci uban gida, kuma idan rezo ya ɗauke, ƙorafi kan bi hannu da yawa kafin ya isa ga mai gyara.

Ga matashin da ya fara da shagon cajin waya ko tura kuɗi, yau yana da rassa uku, matsalar iri ɗaya ce. Tun kafin buɗe reshe na huɗu, yana bukatar rubuta kuɗin da yaron shago zai iya fitarwa da kansa, da wanda sai ya kira maigida.