Gwanayen Lambu 'Yan Sa-kai a Amurka

A farkon shekarun 1970, tambayoyin masu lambun gida sun yi wa David Gibby yawa. A lokacin malamin gona ne a Jami'ar Jihar Washinton, kullum ana kiransa: wannan tumatirinsa ya yi yaushi, wancan ƙwari sun cinye masa fure.

Sai aka fito da dabara: a koyar da masu sha'awar lambu, su biya da lokacinsu wajen amsa irin waɗannan tambayoyi. A 1973 aka horar da rukunin farko na shirin Master Gardener.

Yau shirin ya bazu har Kanada. 'Yan sa-kan sukan kafa tebur a kasuwar manoma, mutum ya kawo ganyen da ya lalace, su duba ko cuta ce, ko ban-ruwa ne ya yi yawa.