Haruffa Uku Da Ruwa Ya Bari

Da madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye unguwar Gwange ranar 10 ga Satumban 2024, yayata ba ta fita da komai ba sai 'ya'yanta da wata ledar takardu. Bayan kwana uku ƙirjin ɗanta mai shekara shida ya fara kuka. Fuka ce, mun saba da ita. Abin shaƙarsa kuwa ruwa ya tafi da shi, kuma ba wanda ya riƙe sunan maganin.

Takardar likita na cikin ledar, amma tawada ta narke. "Sal" kaɗai ake gani, sai 100, sai PRN can gefe.

Na garzaya wajen wani masanin magunguna a Bulumkutu. Ya daɗe yana duba takardar a hasken waya, sannan ya ce, "Malam, maganin fuka biyu ne suke farawa da haka, salbutamol da salmeterol. Ba zan ba ka da ka ba." Salbutamol na buɗe hanyoyin numfashi cikin 'yan mintuna. Salmeterol na kullum ne, ba ya ceton yaron da numfashi ya sarƙe masa, kuma ba a ba mai fuka shi kaɗai. A lokacin na ƙosa, amma har yau ina gode masa da bai yi gaggawa ba.

Ya ɗora yatsa kan 100. Feshi ɗaya na salbutamol maikirogiram 100 ne, na salmeterol 25. PRN kuma, in ji shi, taƙaicen Latin ne da likitoci ke nufin "idan buƙata ta taso", alamar maganin ceto ke nan.

Duk da haka ya sa na kira yayata. "Yaya, tambayi yaron launin abin shaƙarsa." Na jiyo muryarsa daga nesa, a shaƙe: "Shuɗi ne, Kawu."

Masanin ya miƙo Ventolin, wato salbutamol, ya huda gindin wata gorar roba daidai bakin maganin, don yaro ya riƙa zuƙa a hankali. Ya gargaɗe ni: idan magana ta gagari yaron ko leɓɓansa suka sauya launi, asibiti kai tsaye.

Kafin isha'i kukan ƙirjin ya lafa. Washegari likita a sansanin da suka fake ya sake rubuta takardar, yayata ta ɗauki hotonta a waya.