Bokeh: Sirrin hoton da bayansa ya yi dishi-dishi

Ka duba hotunan biki da ke yawo a Instagram: amarya ta fito tar, har zaren leshinta kana iya ƙirgawa, amma bayanta ya narke, fitilun ɗakin taro sun koma ƙwallayen haske. Masu ɗaukar hoto suna kiran wannan bokeh. Asalin kalmar Japananci ce, "boke", wato dishi-dishi. Mujallar Photo Techniques ta Amurka ce ta yaɗa ta a 1997, editanta Mike Johnston ya ƙara mata harafin "h" don a riƙa furta ta daidai.

Sai dai ka sani, ba yawan dishi-dishin ake nufi ba, kyansa ake nufi. Mai kyau yakan yi laushi, ya bar idonka a kan fuskar mutum. Marar kyau kuwa gefensa kaifi gare shi, sai ya yi ta fizgar ido. Siffar ƙwallayen nan ma daga ƙofar hasken da ke cikin gilashin kyamara take fitowa. Idan an buɗe ta sosai, kamar f/1.8, sukan fito zagaye. Idan an tsuke ta a gilashi mai ɓallaye shida, sai ka ga kusurwa shida.

To, wayarka fa? Nan ne gizo ke saƙa. Na'urar karɓar haskenta ƙarama ce, shi ya sa kusan komai ke fitowa garau. Tun da Apple ya kawo Portrait a iPhone 7 Plus a 2016, manhaja ce ke ƙiyasta nisan abubuwa, ta yanke ka, ta shafe sauran. Kuma takan yi kuskure. Ƙara girman hoton ka duba gefen mayafi, bakin hula, sandar tabarau da tsakanin yatsu. In ka ga an gutsure su, ko wani wuri ya tsira bai narke ba, aikin manhaja ne. Kafin ka biya mai hoton biki kuɗin babbar kyamara, yi wa samfurinsa wannan gwajin.

Kana so naka ya fito da kyau? Matso kusa da wanda za ka ɗauka, shi kuma ya nisanci bango. Jingina da katanga shi ke kashe hoto. Nemi ƙananan fitilu ko hasken da ke ratsa ganye a can bayansa. In wayarka tana bari a rage ƙarfin shafewar, rage shi, don idan ya yi yawa sai mutum ya zama kamar an liƙa shi.

Wani lokacin ma kashe shi gaba ɗaya ya fi. In ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ka narkar da dawakai da mahaya, me ya rage? Nan da shekara goma ba wanda zai gane inda ka je. A irin wannan rana, ƙyale kyamara ta nuna wurin.