Ƙaramin Rami, Babbar Ɓarna: Kimiyyar Huda Katakon Jirgi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin shekarar 1992, sana'ar su ta ƙara bunƙasa a yankin Karaye da Rogo. Kwalekwalen katako shi ne jarin masunci, kuma shi ne amintaccen da yake ɗora wa ransa. Sai dai kowace ƙusa da kafinta ya kafa a jikinsa ta bar rami, kuma daga ramin ne ɓarna takan fara.

Don a fahimci dalili, wajibi ne a dubi ƙirar itace. Idan aka sa sililin maɗaci a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga dubban zarurruka da 'yan bututu jere a tsaye, waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Sinadarin selulos ne ke ba su ƙarfi, lignin kuwa shi ke manne su wuri guda. Saboda haka katako yana da wuyar tsinkewa ta tsawonsa, amma yana da saurin tsagewa tsakanin zare da zare, kamar yadda mai faskare ya sani.

Huda rami na yanke waɗannan zarurruka, sai nauyin da suke ɗauke da shi ya koma kan maƙwabtansu. A shekarar 1898 wani injiniya Bajamushe mai suna Kirsch ya nuna cewa idan aka ja faffaɗan ƙarfe mai zagayayyen rami, ƙarfin jan da ke bakin ramin yana ninka na sauran wurare har sau 3. A katako ma bakin rami ne wurin rauni.

Masu jiragen ruwa da iska ke turawa, a Turai da gaɓar Afirka ta Gabas, sun daɗe da sanin haka. Dogon ginshiƙin da ke riƙe da ƙyallen jirgi yana lanƙwasawa duk lokacin da iska ta buga, don haka kafin a huda shi a ɗaura ƙarfen da zai riƙe igiya, akan kiyaye ƙa'idoji. Ba a jera ramuka kewaye da ginshiƙin a tsayi ɗaya, domin hakan tamkar yi masa kaciya ne. Ba a kuma jera su kusa da juna a kan zare ɗaya, don kada tsaga ta haɗa su. Akan fara huda siririn rami kafin a sa ƙusa ko noti, maimakon a tura shi da ƙarfin guduma.

Haɗari na biyu daga halittu yake zuwa. Ramin da ba a toshe ba ƙofa ce ga danshi, kuma da zarar danshin katako ya haura kashi 20 cikin 100, dangin funfuna na iya samun wurin zama. Sukan narkar da selulos ta ciki, alhali waje yana nan sumul. Ƙusar baƙin ƙarfe kuma takan yi tsatsa, ta ci katakon da ke kewaye da ita har ta yi sako-sako.

Darasin ga kafintan kwalekwale a bakin Challawa a fili yake: ya rage yawan ramuka, ya nisanta su daga bakin katako, ya goce layinsu, sa'an nan ya cike kowanne da kwalta kafin jirgi ya taɓa ruwa. Masunci kuwa ya riƙa danna gindin ƙusoshi da tsinin wuƙa. Inda ya ji laushi, a sauya katakon tun jirgi yana tudu.